Ambaliya A Kano: Titi Da Magudanar Ruwa Ɗanjuma Ne Da Ɗanjummai

Kowace shekara idan bazara ta kawo jiki, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da bayanin yadda take sa ran damina za ta kasance, takwararta mai lura da koguna kuma ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Daga nan sai gwamnatoci su shiga gidajen rediyo suna kira ga jama'a da su yashe kwatocinsu. Idan marka ta sauka a watan Agusta, gidaje suka rushe, tituna suka koma koguna, sai a ɗauki buhunan shinkafa da tabarmi da kwanon rufi a kai wa waɗanda abin ya shafa, a jajanta musu, a ce ƙaddara ce. Da kaka ta yi, iska ta juya, shi ke nan an rufe babin sai baɗi. Babu Musulmin da ke ja da ƙaddara, to amma addinin da ya koya mana imani da ita shi ne kuma ya umarce mu da riƙo da sababi. Sababin da nake son mu duba a yau, ni da mai karatu, shi ne yadda muke gina titunanmu, domin a ganina a nan ne babban ɓangaren matsalar ambaliyar birnin Kano yake, a nan ne kuma maganinta yake.

Bari mu fara daga gida. Duk maginin gargajiya da ya amsa sunansa, kafin ya ɗora azara a kan soro sai ya san ta inda indararo zai zuba, kuma kafin mata su daɓe tsakar gida sai an san wajen da rariya take, an karkata daɓen ya fuskance ta. Ba a taɓa jin maginin da ya gama gini ya karɓi ladansa, sannan ya ce wa mai gida ya nemo wani ya zo ya san yadda zai yi da ruwa ba. Gini da hanyar ruwansa aiki ɗaya ne, mutum ɗaya ke yinsu, a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa Hausawa ke cewa tun ran gini ran zane. Abin mamaki shi ne, hikimar da magini ya riƙe a kan ɗaki guda, ita muka yar da muka zo gina birni mai miliyoyin mutane.

Shi kansa birnin Kano a da can ba haka yake ba. Baturen nan ɗan yawon duniya, Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya bayyana cewa wata babbar fadama ce ta raba garin biyu, kasuwa kuma tana ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta. Fadamar nan ita ce Jakara, kasuwar kuma ita ce Kurmi wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Jakara ce ke kwashe ruwan birni, ta bi da shi ta Kwarin Gogau, ta haɗu da rafin Getsi, a yau kuma ta zuba a madatsar ruwa ta Wasai da ke ƙasar Minjibir. Ban da ita, ga kududdufai birjik a cikin unguwanni da gindin badala, waɗanda suka samu daga haƙar ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa da ita. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufan nan ne ke fara karɓarsa su riƙe, su bar shi ya nutse a hankali ya ciyar da rijiyoyin unguwa, rarar ce kawai ke gangarawa Jakara. Wato dai kakanninmu, ba tare da takardar digiri ba, sun bar mana gari mai rumbunan ajiyar ruwa.

Me muka yi da wannan gado? Mun cike kududdufai da shara da ɓaraguzai, mun yanka su filoti-filoti, mun dasa shaguna da gidajen mai a kansu. Duk wanda ya san titin Jami'ar Bayero shekaru talatin da suka wuce, ya san kududdufan da ke bin gindin badala daga wajen Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya, ya kuma san abin da ya maye gurbin da yawansu. A bayan gari kuma an yi ta yanka unguwannin awon igiya ba tare da an bar wa ruwa ko taku ɗaya ba. A cikin gidaje mun malale tsakar gida da siminti, mun rufe sama da kwano. Ƙasar da ke shan ruwa a da yanzu ta zama faranti, kowane ɗigo da ya sauka sai ya nemi hanyar fita, hanyar da ya fi samu a buɗe kuwa ita ce titi.

Domin mai karatu ya ga girman abin, ga ɗan lissafi mai sauƙi. Idan aka yi ruwa mai zurfin milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a dare ɗaya na watan Agusta, titi mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 20 zai tara lita miliyan ɗaya. Idan aka zuba wannan a jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25, jarka 40,000 ke nan, daga kan kwalta kaɗai, ba a sa na rufin gidajen da ke ɓarin titin ba. To ina injiniyan da ya zana titin ya tanadar wa jarka 40,000 ɗin nan? Sau da yawa amsar ita ce 'yar siririyar kwata a gefe, wadda ta fara daga inda kwangila ta fara, ta ƙare a inda kwangila ta ƙare, ko da kuwa a ƙofar gidan wani bawan Allah ne. Ruwa kuma bai san iyakar kwangila ba, gangare kawai ya sani.

Wani abin takaicin shi ne yadda ake gyaran tsofaffin tituna. Maimakon a kankare tsohuwar kwalta, sai a zuba jar ƙasa a kanta a sake shimfiɗa sabuwa. Bayan gyara biyu ko uku sai titi ya fi gidaje tudu, gidan da a da ake hawa matakala a shige shi yanzu sai an gangara. Titin da aka yi wa unguwa domin jin daɗinta ya zama madatsa, ya tare ruwa ya mayar da shi cikin ɗakuna. Kowane mai gida sai ya sayo bulo ya ɗaga dokin ƙofarsa, ya tura ruwan gidan maƙwabci, wanda ba shi da kuɗin bulo shi ke kwana yana kwalfa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Haka zancen yake game da gadojin ƙasa da muke alfahari da su, irin na Gadon Ƙaya da Kabuga da Ƙofar Ruwa. Ba na musun sun rage cunkoso, sun kuma ƙawata gari. Amma ya kamata mu fahimci cewa gadar ƙasa rami ce da aka haƙa a tsakiyar titi, kuma ɗabi'ar rami ita ce tara ruwa. Lafiyarta ta dogara ne ga magudana mai zurfi ko injin zuƙe ruwa, injin kuma ya dogara ga wutar lantarki, wadda kowa ya san da hadari ya taso ake ɗauke ta. A watan Yulin 2021, a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, ruwan sama ya cika hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa, mutane suka halaka a cikin taragai da motocinsu. Idan haka ta faru ga masu kuɗi da fasaha irin Sinawa, mu sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

Wani zai ce ai haka aka saba gini tun da daɗewa, me ya sa sai yanzu ake kuka? Dalili shi ne ruwan ma ya sauya hali. Masana sun tabbatar da cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin danshi da ya kai kusan kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da mamakon ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwan da a da yakan sauka a rarrabe cikin kwanaki, yanzu yana iya sauka cikin sa'o'i biyu. Kwalbatin da aka auna da ruwan shekarun fari na 1970 da 1980 ba zai iya da ruwan yau ba, balle na gobe. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga zahirin wannan a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, aka kuma yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa.

Darasin bai tsaya a Kano ba. A 2012 da kuma 2022 ruwa ya shanye hanyar Lakwaja zuwa Abuja, motocin da ke haɗa Arewa da Kudu suka yi kwanaki a tsaye, har man fetur ya yi wuya a babban birnin tarayya. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na garin Mokwa a Jihar Neja, a ƙarshen watan Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Rahotanni sun nuna cewa ruwa ya taru ne a bayan tudun da aka ɗora layin dogo a kansa, bai samu isasshiyar mafita ba, da tudun ya ɓalle sai ya afka wa unguwanni da asuba. Hanyar sufuri ce ta koma madatsar da babu mai lura da ita. Yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da wanda zai haɗa Kano da Kaduna, wajibi ne al'ummomin da layin ya ratsa su tambaya, su kuma ga amsa da idonsu: ina ruwan gonakinmu da garuruwanmu zai bi?

To yaya waɗanda suka ci gaba suke yi? A ranar 2 ga Yulin 2011 an yi wa Kopenhagen, babban birnin Denmak, ruwan da ya kai kusan milimita 150 cikin sa'o'i biyu, ya yi ɓarna mai yawa. Ba su tsaya ga raba kayan agaji ba. A 2012 suka fito da shiri guda na gari baki ɗaya, inda suka amince cewa bututun ƙarƙashin ƙasa kaɗai ba zai iya ba. Sai suka ware wasu tituna suka sake musu fasali yadda idan ruwa ya yi yawa titin da kansa zai zama magudana, ya tattara ruwan nesa da ƙofofin gidaje ya kai shi teku, suka kuma zurfafa wasu filayen wasa da wuraren shaƙatawa domin su riƙe ruwa na ɗan lokaci. Mai karatu zai lura cewa wannan na biyun kududdufi ne aka sa wa riga. A Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya kuwa, a 2007 aka buɗe wata hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 10, wadda motoci ke bin wani sashenta a ranakun da babu ruwa, idan kogi ya cika a rufe ta ga motoci a sakar mata ambaliya. A Seoul ta Koriya ta Kudu ma, rafin da suka rufe da kankare suka ɗora wa gadar sama, su da kansu suka rushe gadar daga 2003, suka buɗe rafin a 2005.

Ba ina cewa mu kwaikwayi ramin Maleshiya ba, aljihunmu ba zai ɗauka ba. Tunanin nake so mu ɗauka, cewa mai zana titi da mai zana hanyar ruwa su zauna a tebur ɗaya. Kano ma ta taɓa gwada irin wannan a aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju, da aka faro a zangon mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, inda aka yi niyyar gina wa Jakara magudanar kankare a ɗora titi a kanta. Aikin ya yi shekaru a tsaye bayan sauyin gwamnati, jama'ar da ke gaɓar suka ci gaba da shan wahala. Manufar haɗa titi da ruwa a aiki guda abin yabo ce, sai dai rufe kogi yana da sharuɗɗa. Dole faɗin magudanar ya dace da ruwan da ake tsammani nan da shekaru hamsin, dole a bar ƙofofin da ma'aikata da injina za su riƙa shiga suna kwashe yashi da leda, dole kuma a duba halin da mutanen ƙasa za su shiga, domin ruwan da aka sa wa kankare gudu yake ƙarawa. Kogin da ido ba ya gani, ranar da ya toshe babu mai sani sai ya fasa.

Na san akwai masu cewa kududdufi matattarar sauro ce da ƙazanta, yara kuma na nutsewa a ciki, don haka cike shi alheri ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, duk wanda ya zauna kusa da kududdufin da aka mayar bola ya san azabarsa. Amma idan rijiya ta ƙazantu yashe ta ake yi. Kududdufin da aka yashe, aka kewaye da shinge, aka hana zuba masa ruwan masai, aka dasa masa itatuwa, aka yi masa mafitar da za ta rage shi cikin 'yan kwanaki, ya fi kantin zamani amfani ga unguwa. Kada mu manta, garin nan da ke nutsewa a Agusta shi ne ke bin 'yan garuwa da kuɗi a hannu a watan Maris, masu haƙar rijiyar burtsatse kuma kullum ƙara zurfi suke yi kafin su tarar da ruwa. Ruwan da muke kora da damina shi muke nema da rani. Masu cewa babu kuɗi kuma, sai su lissafa abin da ake kashewa wajen sake gina titin da ruwa ya cinye bayan damina biyu, domin babu abin da ke kashe kwalta kamar kwanciyar ruwa.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano da Majalisar Dokokinta da su duba waɗannan shawarwari. Da farko, a samar da taswira guda ta hanyoyin ruwan birni da kewaye, mai nuna tudu da kwari, da inda kowace kwata ke zuba har zuwa Jakara ko Challawa, a kuma buga ta kowa ya gani. A halin da ake ciki ma'aikatar ayyuka ke gina titi, KNUPDA ke ba da izinin gini, REMASAB ke kwashe shara, ma'aikatar muhalli ke yashe magudanai, ga kuma titunan gwamnatin tarayya da na ƙananan hukumomi, kowa da kiɗansa. Taswirar nan ce za ta sa su yi rawa ɗaya. Na biyu, a kafa doka cewa ba za a ba da kwangilar titi ko gada ba sai an nuna inda ruwansa zai ƙare, kuma a fara gina magudana daga mazubarta a hauro, yadda ko kuɗi sun yanke, abin da aka gina zai yi aiki. Na uku, a ƙidaya kududdufan da suka rage, a sa su a dokar da za ta haramta wa kowane gwamna ko hakimi ko jami'in filaye rabar da su.

Na huɗu, kowace gadar ƙasa a tanadar mata injin zuƙe ruwa mai wutarsa ta kansa, da ma'aunin zurfin ruwa a jikin bango da direba zai gani, jami'an KAROTA kuma su rufe ta da zarar ruwa ya kai wani matsayi. Na biyar, sababbin tituna a daina malale tsakiyarsu da gefunansu da kankare. A bar ƙasa a ɗan zurfafa ta, a dasa darbejiya da sauran itatuwa, ruwan titi ya riƙa gangarawa can yana nutsewa, mai tafiya a ƙasa kuma ya samu inuwa. Na shida, kuɗin yashe magudanai su fito a watan Afrilu, a kuma kwashe abin da aka yaso nan take, maimakon a jibge shi a bakin kwata ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kason da jiha da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun kula da muhalli na tarayya, a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka yi da shi.

Mu ma talakawa muna da namu laifin, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matar da ke jiran hadari ya haɗu ta aiki yaro ya juye shara a lambatu, da mai shagon da ya toshe kwata da kankare domin ya faɗaɗa rumfarsa, da mai tifar da ya sauke yashi a bakin titi ya bar shi wata uku, da attajirin da ya sayi filoti yana sane da cewa hanyar ruwa ce, duk suna da hannu a rushewar katangar da ta danne yaran maƙwabta. Malamanmu su riƙa tuna mana a huɗubobin Juma'a cewa cutar da maƙwabci ta hanyar tura masa ruwa zalunci ne, masu unguwanni kuma su dawo da aikin gayya kafin faɗuwar damina.

A ƙarshe, ina roƙon masu jefa ƙuri'a da 'yan jarida mu sauya ma'aunin da muke auna aikin gwamnati da shi. Mun saba tafa wa abin da ido ke gani, gadar sama da fitilu da fenti, shi ya sa 'yan siyasa ba sa son binne kuɗi a ƙarƙashin ƙasa inda ba a yanka kyalle. Ranar da aka zo buɗe sabon titi a unguwarku, kafin a fara kiɗa, wani dattijo ya tashi cikin ladabi ya tambayi mai girma baƙo inda ruwan titin nan zai bi. Idan aka rasa amsa, to aikin bai ƙare ba, komai kyan kwaltarsa. Direban Adaidaita Sahu da injinsa ke shan ruwa, da ɗalibar da ke tsallaka lambatu da takalmi a hannu, da magidancin da ke kwana tsaye yana tare ruwa da buhun yashi, su ne za su gaya mana ko titi ya yi kyau, kuma a watan Agusta ake tambayarsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ambaliya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinta, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a lokacin da ya dace, amin.